Tukunyar Yaya da Turarena

Da sunan Allah nake farawa. Malamar Islamiyyarmu ta nan Yako ce ta ce in rubuta wannan a karanta wa mata, ko Allah zai sa wata ta tsira. Karatuna bai yi nisa ba, inda aka ga kuskure a gyara. Zan faɗi abin da ya sami 'yata ta fari, da yadda aka yi jinyarta har Allah ya karɓi abarsa.

Za ku ga ba na ambaton sunanta. Kun san dalili. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Mu kuma da muke da jinin Fulanin Ɗansoshiya ta wajen kakata, kunyarmu ta fi ta kowa. Ana yaye ta, yayar maigidana, Yaya Hansai, ta zo daga Tudun Wada ta goye ta ta tafi da ita. Na shiga ɗaki na sake tankaɗe garin da na riga na tankaɗe.

A can ta girma. Yaya take kira Umma. Da yake 'ya'yan Yaya Kawu suke ce wa mahaifinta, ita ma ta tashi tana ce masa Kawu, ni kuma na zama matar Kawu. In maganarta ta taso a gidanmu, sai in ce “ta wajen Yaya”. Na haifi wasu bayanta, na kira su da sunayensu, na dake su, na goya su. Ita kuwa sai dai in kalle ta ta gefen ido in sun zo da salla.

Ita ta zaɓi mijinta, Sabi'u, mai sarin kifi a Bagauda, gidansu a Bebeji. Yaya ce ta yi kayan ɗaki gaba ɗaya, kuma ta yi ƙoƙari. Abin da 'yan biki suka fi magana a kai shi ne tukunyar gas, ƙarama mai murhu a kanta, shuɗiya, tana ƙyalli. Yaya ta saya ranar kasuwa a wajen wani mai kasa su a bakin titi. Ya rantse mata sabuwa ce fil, kuɗinta kuma bai kai na shagon birni ba. 'Yan jere ba su kai ta madafa ba, saboda madafar rumfa ce marar ƙofa a gidan yawa. Suka ajiye ta a kusurwar ɗaki kusa da gado, inda ɓarawo ba zai kai ba, baƙo kuma zai gani.

Ni abin da na iya shi ne turaren wuta. Na haɗa mata irin wanda mahaifiyata ta koya min, da hawi da farce da jawul, na cika kwalba, na cusa cikin kayan Yaya. Na roƙe ta kada ta faɗi daga inda ya fito. Ranar jere ina tsaye a baya ina jin mata suna ta sa wa Yaya albarka a kan tukunya. Ba wanda ya buɗe kwalbata.

Da damina ta zauna, ɗakin ya fara wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Matan gidan suka ce ɓera ne ya mutu. Aka janye gado, aka ɗaga leda, ba a ga komai ba. Ranar da abin ya faru, ƙannen mijinta mata ne za su zo mata wuni. An yi ruwa da iska, ta rufe taga da ƙofa ta tafi ɗakin maƙwabciya kitso. Da ta dawo ta buɗe, warin ya buge ta. Kowace mace ta san abin da za ta ji: amarya, dangin miji na hanya, ɗaki yana wari. Ta yi abin da ni ma zan yi, abin da uwata za ta yi. Ta ɗebo garwashi a kasko, ta zuba turare, ta shiga ta durƙusa a tsakiyar ɗaki tana hurawa.

Waɗanda ke tsakar gida sun ce ƙarar ba ta kai yadda mutum zai zata ba. Sai dai suka ga labule ya fito waje da wuta, ita kuma a bayansa. Kayan jikinta masu roba ne, suka manne mata. Kafin a samo mota an fasa mata ƙwai a jiki, an shafa man goge baki, wani ya kawo baƙin mai na inji. Duk don taimako aka yi. A asibitin kusa suka sa mata ruwa, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, a wuce birni.

Ina gindin murhu maigidana ya shigo da labarin, mahaifiyarsa na zaune. A gabanta ba abin da na iya tambaya sai, “Da rai?” Ya ce da rai. Na sauke tukunyar tuwo, na rufe, na sa hijabi.

Mun tarar da Yaya ta riga mu isa. A ƙofar ɗakin masu ƙuna wata nas ta tare mu, ta ce mutum ɗaya ake bari ya zauna da marar lafiya, saboda jikin da ba fata ba ya son shige da fice. Ta dube mu ta ce, “Wace ce uwarta?”

Maigidana na wurin, ga surukai, ga Sabi'u. Yaya ta juyo ta dube ni. Dole in faɗi gaskiya, ta jira. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon takalmina, bakina ya ƙi buɗuwa. Da shirun ya yi yawa sai Yaya ta ce, “Ni ce.” Nas ta miƙa mata koriyar riga da hula, ƙofa ta rufe.

Daga ranar wurina ya zama gindin wata darbejiya a bayan ɗakin, inda 'yan jinya ke shimfiɗa tabarmi.

Makon farko jikinta ya kumbura har idanunta suka rufe. Kullum da safe ake wankin ciwo. Tagar ɗakin tana saitin bishiyar, don haka ina jin komai. In aka fara ɓare bandeji sai ta yi ta kiran Umma. Duk kira ɗaya sai jikina ya yunƙura zai tashi, sai in ji muryar Yaya daga ciki tana cewa ga ta nan, ga ta nan. Sai in koma in zauna. Ina jin tausayin yarinyar, ina kuma jin wani abu game da Yaya wanda ba zan kira shi da suna mai kyau ba. Ita ke ba ta ruwa a cokali. Ita ke korar mata ƙuda. Ni nawa wankin zannuwa da dama kunu, in miƙa ta ƙofa a karɓa.

Na karɓi aikin bin layi saboda shi kaɗai ya rage. A rubuta magani a nan, ka je can a faɗa maka kuɗi, ka je wata taga ka biya, ka dawo a ce babu, sai a waje. Auduga, bandeji, man shafawa, ruwan ƙari, safar hannu, komai kullum sai an saya sabo. Maigidana ya sayar da masararmu tun tana gona. Sabi'u ya sayar da babur ɗinsa, ya koma zuwa a motar haya. Ban taɓa jin yaron nan ya yi ƙorafi ba, Allah ya saka masa.

Masu shawara ba su bar mu ba. Wata gwaggonmu ta taso tun daga Doguwa da gashin zomo a ƙulle, ta ce a barbaɗa. Wani ya ce a ɗauke ta a kai wa maƙeran garinsu, su ne masu maganin wuta na gado. Wata ta ce baki ne, tukunyar ta tsone wa mutane ido ranar biki. Likitan, wani siriri mai magana a hankali, ya hana duka. Ya ce ƙwai da baƙin man nan sun ba su wahala kafin su wanke, ya ce da ruwa mai tsabta kawai aka yi ta kwarara mata da ya fi.

A mako na biyu na san Hajiya Turai. 'Yarta ce a gadon da ke kusa da na tawa, man suya ya zube mata a ƙafafu. In ta fito shan iska sai ta zauna a tabarmata. Mace ce mai sakin fuska, amma na daɗe ban sake da ita ba. Tana tsaye a taga za ta ɗaga murya ta ce, “Mami, 'yar lelena, me za ki ci?” Ita ma Mamin 'yar fari ce. Nakan kalli bakinta in ga yadda sunan ke fita ba nauyi.

Ashe ta yi aiki a hukumar da ke kula da ingancin kaya kafin ta yi ritaya. Da ta ji labarinmu ta ce wa Sabi'u in ya koma gida ya kankare fentin da ke jikin mariƙin tukunyar ya ɗauko mata hoto. Ya kawo a waya. Ƙarƙashin shuɗin akwai ja, ƙarƙashin jan akwai wani kalar. Gindin duk tsatsa, an cike ramukan an shafe. A jikin mariƙin kuma ga shekarar da aka ƙera ta a buge cikin ƙarfe. Tukunyar ta girmi amaryar.

Hajiya ta yi min bayani yadda zan gane. Ta ce irin waɗannan kaya ba a barin kowa ya yi yadda ya ga dama. Gwamnati kan tara masana da masu ƙerawa da masu sayarwa, a zauna a yi ta gardama: kaurin ƙarfe nawa zai zama, shekara nawa tukunya za ta yi kafin a sake gwada ta, yaushe za a ce ta mutu a fasa ta. In an daidaita a rubuta, a sa hannu, ya zama doka. Ta ce ita kanta ta zauna a irin zaman nan. Tukunyar da ta ƙare kwananta ba a yarda a sake sayar da ita ba, amma masu son banza suna tattaro su su yi musu wanka da fenti, su kawo inda ba mai dubawa.

Na ce, “To Hajiya, ranar da Yaya ta saya, dokar tana ina?”

Ta ce, “Tana nan a rubuce. Masu zagayawa ne ba su kai yawan kasuwanni ba.”

Sai ta faɗi abin da har yau bai bar kaina ba. Ta ce gas shi kansa ba shi da wari. Da gangan ake zuba masa warin nan, kuma doka ce ta ce a zuba, don in yana tsiyaya mutum ya ji ya buɗe taga ya gudu. Can na ce mu a wajenmu in ɗaki ya yi wari turare ake sawa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce a duk zaman da ta yi ba ta tuna wanda ya taɓa kawo maganar kasko ba.

Ranar na ji kishin Hajiya fiye da na Yaya. Tata tukunyar tana waje cikin kejin ƙarfe. Ta san inda ake duba shekara, ta san ma'anar wari. An yi dokar don kowa, amma ita ta iso gidanta, mu ba ta iso namu ba. Bayan haka kuma, Allah ya yafe min, na ji wani sanyi. Tukunyar Yaya ce. Na riƙe maganar a cikina ina juya ta, ina jiran rana. Maganar abin da ke cikin kaskon kuwa ban yi wa kowa ba.

Mako na uku muka ga haske. Kumburi ya saɓe, ta buɗe ido, ta ce fura take so. Likita ya ce za a yanko fata daga cinyarta a rufe ƙirjin, amma sai an tanadi jini. Na Yaya bai yi ba, ga shekaru ga hawan jini. Na Sabi'u bai dace ba. Aka gwada nawa ya dace. Mai ɗibar jinin ya tambaye ni mece ce ni a wajenta. Na ce matar kawunta. Ya ce, “Kai, Allah ya yi albarka. Ba kowace matar kawu ba.” Da la'asar na leƙa ta taga na ga ledar a rataye, jinina yana sauka a hannunta, Yaya na zaune a gefe tana kallo. Tun da aka kwantar da ita ban ci abinci da daɗi ba sai ranar.

Ba a kai ga yin aikin ba. Mako na huɗu zazzaɓi ya shigo, ciwon ya canja kala, ta fara rawar sanyi da tsakar rana. Likita ya tara mu a baranda ya ce ƙwayoyin cuta sun shiga jini. Ya ce, “Wuta takan gama nata a rana ɗaya. Abin da ke biyo bayanta shi muke tsoro.” Aka canja allurai zuwa masu tsada, muka saya. A makon ne aka sallami Mami. Na taya su kai kaya mota, na yi musu addu'a da bakina, zuciyata kuwa tana tambayar abin da bai kamata ta tambaya ba.

Washegari na haɗu da Yaya a bakin famfo. Ta rame, ƙafafunta sun kumbura sun fi ƙarfin silifa. Duk da haka na faɗa. Na ce, “Yaya, kin san tukunyar nan ta girme ta?”

Ta ci gaba da wanke kofi. Ta ce, “Na sani. Sabi'u ya nuna min tun ranar.” Ta ɗauraye, ta kife. “Na kuma san abin da ke cikin kaskon. Ban ɗora miki ba, don ba ki da laifi. Ni ma in kin ga dama ki ɗauke min.”

Ta tuɓe koriyar rigar ta miƙo min, ta kama hannuna har ƙofar ɗakin, ta ce wa nas ɗin wannan ce ta haife ta. Nas ta dube ni ta dubi bishiyar da ta saba ganina a gindinta, ta ce, “Baiwar Allah, duk tsawon nan?” Na ce haka ake yi a wajenmu.

Na shiga. Fuskarta ce kawai a buɗe, sai yatsun hannu ɗaya. Ta gane ni, ta gaishe ni yadda ta saba, ta tambayi mutanen Yako, ta tambayi Kawu. Na amsa kamar a zaure muke. Na ba ta ruwa a cokali, rabi ya zube.

Can ta ce Umma ta gaya mata tun daren biki cewa ni na haɗa turaren. Ta ce shi ya sa take tattalinsa, sai za ta yi baƙi take sawa. Ta ce warin jikinta ya dame ta, ko akwai saura. Ba a shiga ɗakin da wuta. Amma hijabina da irin turaren nake turara shi, ko an wanke ba ya fita duka. Na jawo gefensa daga ƙarƙashin rigar na kai mata hanci. Ta lumshe ido ta daɗe.

Ba ta buɗe idon ba ta ce, “Wai kin san sunana kuwa?”

Da wasa ta faɗa, na ga gefen bakinta ya motsa. Na ce na sani mana.

Ta ce, “To faɗa in ji.”

Na ɗaga kai. Nas na gyara ruwa a gado na gaba. Yaya na tsaye a taga, inda na saba tsayawa. Sunan ya zo har bakina. Na ce mata ta bari sai ta warke, in mun koma gida. Ta ce to.

Kafin gari ya waye ta daina gane mutane. Da hantsi na sunkuya a kunnenta na faɗa, na sake faɗa, na yi ta faɗa har nas ta dafa kafaɗata. Ban sani ba ko ta ji. Kafin azahar ta cika.

A Tudun Wada aka yi zaman makoki. Mata na shigowa su wuce ni su durƙusa gaban Yaya. Wasu in za su fita su ce min in riƙa rarrashinta, ta yi babban rashi. Gaskiya suka faɗa. Na rarrashe ta. Har yau in na tuna ita ta yi mako huɗu a gefen gadon ni na yi kwana ɗaya, abin yana taso min, sai in yi istigfari. Ba ta ƙwace min komai ba. An tambaya, na yi shiru.

Ina godiya ga likitan nan da nas-nas ɗin da suka yi iya yinsu, da Hajiya Turai da ta zo har Yako gaisuwa, da duk wanda ya kawo ko da kwanon kunu. Kukana yana ga masu iko. Tunda an zauna an rubuta shekarun tukunya, a turo mai dubawa har kasuwanninmu, a kuma faɗa a rediyo da Hausa abin da warin nan yake nufi. Mai kasa tukwanen na ji an ce yana nan, ya koma wata kasuwar.

Ku kuma 'yan'uwana mata, in za ku saya wa 'ya'yanku, kada ƙyallin fenti ya ishe ku. Ku duba mariƙi, ku duba gindi, ku je da wanda ya sani. Kada a jera ta a ɗakin kwana ko da za a sace. In ɗaki ya yi warin da ba ku gane ba, ku buɗe ƙofa da taga ku fita, kada a kunna ko ashana, kaskon ya jira. In kuma aka tsaya a ƙofar asibiti aka tambayi uwa, wadda ta haifa ta buɗe baki.

Malama, in kin zo nan kada ki tsallake, ki karanta da ƙarfi. Sunanta Sa'adatu. Ni na haife ta. Ku sa ta a addu'a da sunanta.